Fistan Na Musamman Da Lissafin Matsin Inji: Abin Da Za Ka Auna Kafin Ka Yi Oda

Idan mutum ya sauke inji don ya sake gina shi, fistan ne ya fi jan idonsa a cikin kayan da zai saya, shi ya sa da yawa shi suke fara yin oda. A ganina shi ya kamata ya zo a ƙarshe. Fistan na musamman, wato wanda kamfani zai ƙera maka bisa awon da ka ba shi, amsa ce ta wani lissafi, kuma lissafin ba ya yiwuwa sai an gama aikin bulok da kan inji, an auna su da hannu. Kamfanoni irin su JE, Wiseco, CP-Carrillo, Ross da Mahle za su yanka maka daidai abin da ka rubuta a takardar oda. In kuskure ka rubuta, kuskuren za a aiko maka, kuma galibi ba a karɓar irin wannan kaya idan an mayar, tunda ba zai shiga injin kowa ba sai naka.

Kafin komai, duba ko kana ma buƙatarsa. Idan injinka sananne ne, kuma kuranshaf (sandan da fistan ke juyawa) da konrod (hannun da ke haɗa fistan da shi) na asali za ka mayar, da wuya ka rasa fistan da ya dace a cikin waɗanda aka riga aka ƙera aka jera a katalog. Na musamman yana zama dole ne idan ka canja tsawon bugun kuranshaf, wato nisan tafiyar fistan daga ƙasa zuwa sama, ko ka sa konrod mai wani tsawo dabam, ko an kankare fuskar bulok sau da yawa har tsayinsa ya ragu, ko ka sa bawul manya da kamshaf (sandan da ke buɗe bawul) mai ɗagawa sosai, ko injin tsoho ne da aka daina yi masa kaya.

Fara da man da injin zai sha

Rabon matsi shi ne sau nawa ake matse cakuɗin iska da fetur, daga lokacin da fistan yake can maƙurar ƙasa zuwa lokacin da ya kai maƙurar sama. Idan an ce 10:1, ana nufin sararin da ke saman fistan a ƙasa ya ninka wanda ya rage a sama sau goma. Ƙarin matsi yana ƙara ƙarfi, yana kuma rage shan mai, amma ribar ba ta kai yadda ake zato ba. Daga 9:1 zuwa 10:1, abin da za ka samu bai wuce kamar kashi 3 cikin 100 ba, kuma duk hawan da ka ƙara ribar raguwa take yi. Asarar da ke jiran wanda ya wuce gona da iri kuwa babba ce. Idan matsi da zafi suka fi ƙarfin man, ragowar cakuɗin da wuta ba ta kai gare shi ba sai ya fashe da kansa, ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Wannan fashewa ita ke karya bangon da ke tsakanin ringi da ringi, ta ƙona gasket, ta daddaki beyarin. Wani lokaci ma kunne ba ya jin ta saboda ƙarar salansa.

Saboda haka tambayar farko ita ce: wane mai za ka riƙa samu kullum, a ranar da ba ka da zaɓi? A kan mafi ƙarancinsa za ka gina injin. Ka lura kuma cewa lambar oktan, wadda ke nuna juriyar mai ga wannan fashewa, ba ɗaya ba ce a ko'ina. Akwai hanyoyin auna ta biyu, RON da MON: yawancin ƙasashe da RON suke aunawa, Amurka da Kanada kuwa matsakaicin RON da MON suke rubutawa a famfo, shi ya sa 91 nasu yake daidai da kusan 95 na RON. Wanda ya karanta shawarar Ba'amurke bai san wannan ba, lissafinsa ya karkace tun daga tushe.

Tambaya ta biyu: akwai turbo ko babu? Toyota ta ba da misali mai kyau da injin 2JZ. Faɗin silinda da tsawon bugu duk milimita 86 ne a nau'ukan biyu, amma marar turbo ya fito da 10:1 zuwa 10.5:1, mai turbo kuwa 8.5:1, domin turbo ya riga ya cusa iska mai yawa tun kafin fistan ya fara matsawa. Za ka ji cewa Mazda ta kai 14:1 a injinta na Skyactiv-G da fetur na kasuwa. Gaskiya ne, sai dai wannan inji ne mai fesa mai kai tsaye cikin silinda, da fistan da bututun hayaƙi da kwamfuta duk an tsara su tare don haka. Kada ka ɗauki lambarsa ka ɗora wa tsohon inji mai kafireto da kan ƙarfe. Kan alminiyam yana jure matsi fiye da na ƙarfe domin yana saurin kwashe zafi, kuma kogon ƙuna (ramin da ke cikin kan inji inda mai ke ƙonewa) mai bawul huɗu da fulogi a tsakiya ya fi tsohon kogo mai faɗi juriya.

A gama aikin injin yanka tukuna

Kai bulok wurin masu aikin boring, wato masu faɗaɗa ramin silinda da injin yanka, su wanke shi, su duba tsaga, su auna kaurin bangon silinda da na'urar sauti idan za a faɗaɗa ramin sosai. Su faɗa maka mafi ƙarancin faɗin da zai share duk kaushi da lalacewar da ke jikin silinda. Kada ka faɗaɗa fiye da buƙata. Rabin milimita ba ya ƙara wani ƙarfin kirki, amma bangon da ka rage ba ya dawowa. Idan za a daidaita mazaunin kuranshaf ko a kankare fuskar bulok, yanzu ne lokacinsa. Haka kan inji: a gama yanka mazaunin bawul, a sa bawul ɗin da za a yi aiki da su, a kankare fuska idan ta lanƙwashe. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana canja lissafi. Bawul da ya nutse cikin mazauninsa yana ƙara girman kogo, kankarar fuska tana rage shi.

Abu ɗaya za a bari: gugar ƙarshe ta cikin silinda. Ita sai fistan ya iso hannu.

Awo biyar da lissafin ya dogara a kansu

Zan ɗauki misali guda in bi shi har ƙarshe: inji mai silinda huɗu, bugu milimita 86, an faɗaɗa rami zuwa milimita 86.5. Ka mayar da komai santimita, amsar za ta fito kai tsaye a cc.

Na farko, abin da fistan ke sharewa daga ƙasa zuwa sama. Ka ninka faɗin rami da kansa, ka ninka da 0.7854, ka sami faɗin fuskar ramin, sannan ka ninka da tsawon bugu. A misalinmu 8.65 sau 8.65 sau 0.7854 ya ba da 58.77, sau 8.6 kuma ya zama cc 505.4. Riƙe lambar nan 58.77, za ta sake amfani.

Na biyu, girman kogon ƙuna, kuma a nan ne mutane suka fi yin kasala. Littafi zai ce maka kogon kan injinka cc kaza ne, amma littafin bai san sau nawa aka kankare naka ba. Gani ya kori ji. Kana buƙatar buret, wato bututun awon ruwa mai famfo a ƙasa, mai ɗaukar cc 100, da farantin roba mai haske kamar gilashi wanda aka huda ƙaramin rami a gefensa, da giris, da ruwa mai launi marar kumfa, kamar sifirit da aka ɗiga wa kala. Ɗaura fulogi irin wanda injin zai yi aiki da shi, domin tsawon bakinsa ma yana da tasiri. Shafa giris kaɗan a bakin bawul ka rufe su. Kifa kan injin fuskarsa na kallon sama, ka ɗan karkata shi yadda ramin farantin zai zama a wuri mafi tudu, iska ta sami hanyar fita. Shafa giris siriri a kewayen kogon, ka danna farantin, ka kula kada giris ya matso ciki ya cinye sarari. Cika buret zuwa sifiri, ka riƙa sakin ruwan a hankali har ya taɓo ƙasan ramin ba tare da ƙwayar iska ko ɗaya ta rage ba. Abin da ya ragu a buret shi ne girman kogon. Auna kowane kogo sau biyu. Idan bambancin da ke tsakanin kogunan ya kai cc ɗaya, a sassaƙe ƙananan su kamo babban, domin silinda mafi matsi ita ke fara fashewa, kuma ita za ta tilasta maka rage wuta ga sauran duka. Mu ce mun sami cc 50.

Na uku, sararin gasket. Faɗin ramin gasket za ka yi amfani da shi, wanda kullum ya ɗan fi na silinda, da kaurinsa bayan an ɗaure shi, ba kaurinsa a cikin kwali ba. Gasket mai rami milimita 87 da kauri 0.8: 8.7 sau 8.7 sau 0.7854 sau 0.08, ya ba da cc 4.76.

Na huɗu, tazarar da ke tsakanin kan fistan da fuskar bulok idan fistan ya kai maƙurar sama. A fistan na musamman kai ne za ka zaɓe ta, kuma ga yadda ake yi. Tsayin bulok, daga tsakiyar kuranshaf zuwa fuskarsa, daidai yake da rabin bugu, da tsawon konrod daga tsakiyar ido zuwa tsakiyar ido, da tsayin fistan daga tsakiyar fin (ƙarfen da ke haɗa fistan da konrod) zuwa kansa, da wannan tazara. Masu injin yanka za su iya auna maka tsayin bulok kai tsaye. In ba haka ba, ka ɗaura tsohon fistan da ka san tsayinsa a silinda ta farko da ta ƙarshe, ka nemo maƙurar sama da agogon awo, ka auna a kan layin fin, domin ta ɗaya gefen fistan yana rangaji ya ba ka lambar ƙarya. A ce bulok ɗinmu bayan kankara ya tsaya a milimita 211.9, konrod 139, rabin bugu 43, muna kuma son fistan ya tsaya 0.2 ƙasa da fuska. Cire 43 da 139 da 0.2 daga 211.9, saura 29.7. Wannan ne tsayin fistan da za ka rubuta a oda. Sararin tazarar kuwa 58.77 sau 0.02, wato cc 1.18.

Me ya sa 0.2? Saboda idan ka haɗa shi da kaurin gasket 0.8 ya zama milimita 1, kuma wannan rata tsakanin shimfiɗaɗɗen gefen fistan da shimfiɗaɗɗen gefen kan inji tana da muhimmanci ƙwarai. Yayin da fistan ya iso sama, cakuɗin da ke cikin wannan matsatsi yana fita da gudu zuwa tsakiyar kogo, ya motsa sauran, wuta ta ci da sauri, ragowar da ke gefe kuma ta yi sanyi saboda kusancinta da ƙarfe. Da konrod na ƙarfe, abin da aka saba nema shi ne tsakanin milimita 0.9 da 1.1. Ƙasa da haka sosai, fistan na iya sumbatar kan inji idan juyi ya yi yawa, domin konrod yana miƙewa, fistan yana rangaji. Sama da milimita ɗaya da rabi kuwa amfanin yana dusashewa. Shi ya sa ba na goyon bayan rage matsi da gasket mai kauri. Kana rage lamba a takarda, kana kuma kashe abin da ke kare injin daga fashewa, har ta kai injin 9.5:1 mai buɗaɗɗiyar rata ya fi na 10:1 mai rata daidai saurin yin ƙara. Idan matsi ya yi yawa, a kwarmin fistan ake rage shi.

Na biyar ƙarami ne: ɗan sararin da ke kewaye da kan fistan, daga samansa zuwa ringi na farko. A inji mai wannan girma yakan kai kamar rabin cc. Wasu ba sa lissafa shi. Ni ina sa shi, tunda ba ya cin lokaci.

Lissafin kansa

Haɗa duk sararin da ya rage a sama ban da siffar kan fistan: 50 da 4.76 da 1.18 da 0.5, jimla cc 56.44. Rabon matsi shi ne abin da fistan ya share, a haɗa da wannan jimla, a raba da jimlar. Da fistan mai shafaffen kai sarai: 505.4 da 56.44 sun zama 561.84, a raba da 56.44, ya ba da 9.95:1. Amma shafaffen kai ma yana da gurbin bawul. Idan guraben sun ci cc 3, jimlar ta koma 59.44, matsin ya sauko 9.5:1. Ka ga yadda cc uku kacal suka kwashe kusan rabin maki.

Mai yin oda kuwa ta baya yake bin lissafin. Ka san matsin da kake so, kana neman siffar fistan. Cire ɗaya daga matsin, ka raba abin da fistan ke sharewa da abin da ya rage. Don 10.5:1, a raba 505.4 da 9.5, ya ba da cc 53.2. Muna da 56.44, ke nan sai an cike cc 3.24, wato fistan mai tozo wanda bayan an cire guraben bawul zai rage da 3.24. Idan kuma injin nan turbo za a sa masa, ana son 9:1, a raba 505.4 da 8, ya ba da 63.17, ke nan ana buƙatar kwarmi mai cc 6.73, guraben bawul a ciki.

A nan akwai tarko da ya kama mutane da yawa. Wasu kamfanoni da manhajojin lissafi suna rubuta kwarmi da alamar ragi, tozo da alamar tarawa, wasu kuma akasin haka. Kada ka dogara da alama. Rubuta da kalmomi cewa kwarmi ne ko tozo, ka tambaya ko lambar ta haɗa da guraben bawul. A misalinmu, wanda ya juya alamar 3.24 zai sami kusan 9.5:1 maimakon 10.5:1.

Game da siffa, ina fifita ƙaramin kogo da shafaffen fistan ko mai ɗan kwarmi a kan babban kogo da dogon tozo. Tozo yana tare wa wuta hanya, yana ƙara nauyi, yana kuma ƙara fuskar da ke shan zafi. Idan kwarmi za a yi, a yanka shi ya bi siffar kogon, a bar gefen da zai matsa da kan inji a shimfiɗe. Idan tozo ya zama dole kuma kogon an sassaƙe shi da hannu, kamfanin na iya neman ka aika masa da kan injin ko samfurin kogon da aka zuba da roba.

Kamshaf yana da bakin magana

Lissafin da muka yi ya ɗauka cewa matsi yana farawa ne tun daga maƙurar ƙasa. A zahiri bawul ɗin shiga ba ya rufewa sai fistan ya riga ya fara hawa, kuma kafin ya rufe babu matsin kirki, musamman a ƙaramin juyi. Da bugu 86 da konrod 139, idan bawul ya rufe a digiri 50 bayan maƙurar ƙasa, tafiyar da ta rage wa fistan milimita 74.6 ce. Ninka 58.77 da 7.46, ka sami cc 438.4, ka raba da 53.2 ka ƙara ɗaya: 9.24:1. Idan aka sa kamshaf mai dogon buɗi da ke rufewa a digiri 70, tafiyar ta koma 63.7, matsin ya zama kusan 8:1. Fistan ɗaya, kogo ɗaya, amma inji biyu ne mabambanta.

Abin da wannan ke koya maka shi ne kamshaf da fistan tare ake zaɓensu. Babban kamshaf a kan ƙaramin matsi yana ba da inji mai sanyin jiki a ƙasa, sai an taka shi sosai yake farkawa. Ƙaramin kamshaf a kan babban matsi kuwa shi ke fashewa a hawan tudu da kaya. Idan za ka kwatanta lambarka da ta wani, ka tabbata ku biyun a wuri ɗaya kuka ɗauki rufewar bawul, domin wasu suna ɗauka a daidai zamansa kan mazauni, wasu a ɗagin milimita ɗaya ko inci 0.050, kuma tsakaninsu akwai digiri masu yawa. Wannan lamba ta kwatance ce kawai, domin a babban juyi gudun iska yana ci gaba da cika silinda har bayan fistan ya fara hawa.

Zubi ko ƙira

Fistan na zubi shi ne wanda aka narka alminiyam aka zuba a mazubi. Shi ke cikin yawancin motoci daga masana'anta. Akwai nau'insa mai silikon da yawa, kashi 16 zuwa 18 cikin 100, wanda ba ya kumbura sosai da zafi, ba ya saurin cinyewa, amma yana da gautsi: idan fashewa ta same shi, tsagewa yake yi. Na musamman kusan duk na ƙira ne, wato an danne curin alminiyam da matsi mai tsanani ya ɗauki siffa, ko kuma an sassaƙo shi daga dunƙulen alminiyam guda.

A na ƙira, zaɓi biyu ne. Alminiyam 4032 yana da silikon kusan kashi 12. Kumburinsa kaɗan ne, ana haɗa shi da ƙaramar tazara, ba ya ƙara da safe, gurbin ringinsa yana daɗewa. Alminiyam 2618 kusan babu silikon a cikinsa. Asalinsa gaurayen da Rolls-Royce ya yi amfani da shi a injin jirgin sama da sunan RR58, kuma da shi aka gina jikin jirgin Concorde saboda juriyarsa ga zafi. Yana lanƙwasa kafin ya karye, shi ya sa masu turbo mai ƙarfi da masu tsere suke son sa. Kuɗin da ake biya a kan haka shi ne yana kumbura fiye da 4032 da kamar kashi 15, dole a ba shi tazara mai faɗi, yana ƙwanƙwasa kafin inji ya ɗumama, kuma ya fi saurin cinyewa. Motar da za a riƙa tayarwa kullum ana gajerun tafiye-tafiye, babu turbo ko turbon mai sauƙi ne, 4032 ya fi mata. Mutane da yawa suna sayen 2618 don sun ji shi ne mafi ƙarfi, su ƙare da inji mai ƙara da shan baƙin mai a kan ƙarfin da ba su taɓa buƙata ba.

Sauran abin da takardar oda za ta tambaya

Kaurin fin da tsawonsa, da ko mai yawo ne da ake tarewa da kilif a gefe biyu ko wanda ake dannawa cikin konrod. Faɗin ƙaramin idon konrod, don ya sami wurin zama a ƙarƙashin fistan. Faɗin kan bawul na shiga da na fita, da kusurwarsu, da bayanin kamshaf gaba ɗaya, don a san zurfin gurbi da wurinsa. Ko bulok ɗin yana da bututun da ke fesa baƙin mai a ƙarƙashin fistan, don a yanke masa hanya a siket, wato ɓangaren ƙasa na jikin fistan. Idan ka ƙara tsawon bugu, a duba kada siket ya taɓa curin nauyin da ke daidaita kuranshaf a ƙasa, kuma idan fistan ya gajarce sosai ramin fin zai iya shiga gurbin ringin mai, sai an sa masa zoben tallafi.

Ka tambayi ringi kafin ka tsayar da faɗin rami. Ana iya yanka fistan a kowane faɗi, amma ringi ba a kowane faɗi ake samunsa ba. Ga motar hawa ina ba da shawarar a ɗan gusar da fin daga tsakiya kamar yadda masana'anta ke yi, domin yana rage ƙara. Sai dai fistan irin wannan yana da gaba da baya, ba a juya shi. Shafen siket mai rage gogayya yana da amfani. Ƙananan ramukan da ake hudawa daga saman fistan zuwa bayan ringi kuwa na tsere ne, a motar yau da kullum toka ce za ta toshe su.

Bayan fistan ya iso

Karanta takardar da ta zo da shi kafin ka taɓa komai. Fistan ba zagayayye ba ne sarai: ya fi faɗi ta gefen da ya gitta fin, kuma ya tsuke a sama inda zafi ya fi yawa. Takardar za ta nuna maka daidai wurin da za a ɗora maikuromita, wato na'urar auna faɗi daidai, a siket. A nan kaɗai ake auna shi, shi da bulok suna ɗaki ɗaya da zafi ɗaya. Tazarar 4032 takan faɗa wajen milimita 0.05 zuwa 0.08, ta 2618 kuma daga 0.08 zuwa 0.13 ko fiye, amma lambar kamfanin ita ce hukunci. Yanzu ne za a yi gugar ƙarshe, kowace silinda da fistanta, kuma a ɗaura farantin ɗauri, wanda ke tsayawa a madadin kan inji, a fuskar bulok da irin gasket da kusoshin da za a yi aiki da su, domin ɗaurin kan inji yana ɗan murɗa ramin.

Sai bakin ringi. Tura ringi cikin silindarsa da kifaffen fistan ya zauna daidai, kamar santimita biyu da rabi daga sama, ka auna ratar bakinsa da filageji, wato siraran ƙarafan auna rata. Ƙa'idar da aka saba ita ce a ninka faɗin rami da 0.0045 don ringi na sama a inji marar turbo, wato milimita 0.39 a namu, mai turbo kuma 0.005 zuwa 0.006, wato 0.43 zuwa 0.52. Na biyu ana ba shi ɗan fiye da na sama, don iskar da ta zille ta sami mafita kada ta ɗaga na saman. Goga baki ɗaya kawai, daga waje zuwa ciki, ka cire kaifin. Rata da ta ɗan yi yawa asararta kaɗan ce. Wadda ta yi kaɗan kuwa, da zarar ringi ya yi zafi bakinsa ya haɗe, kan fistan yake ɓallewa.

Kada ka yarda da lambar kwarmi ko tozo sai ka gwada. Sa fistan a silinda, ka saukar da shi daidai milimita 10 daga fuskar bulok, ka toshe kewayen ringi da giris, ka cika da buret ta farantin nan. Da shafaffe ne sarai da ya ci cc 58.77. Abin da ya gaza haka shi ne tozo, abin da ya haura shi ne kwarmi. Auna tazarar fistan da fuskar bulok a kowace silinda, ka sake lissafin da lambobin gaske.

Gwajin ƙarshe na bawul ne. Shimfiɗa laka mai laushi irin ta wasan yara a guraben bawul, ka shafa mai a fuskar bawul don kada ta manne, ka ɗora gasket da kan inji, ka saita lokacin kamshaf daidai yadda zai yi aiki, ka juya kuranshaf da hannu zagaye biyu cikakku. Idan ka ji ya cije, tsaya, kada ka tilasta. Sauke kan, ka yanka lakar da reza, ka auna kaurinta. Ana son aƙalla milimita 2 a bawul ɗin shiga da 2.5 a na fita, da fiye da milimita ɗaya tsakanin gefen bawul da bangon gurbi. Wurin da suka fi kusantar juna yana wajen digiri 10 kafin maƙurar sama ga na fita, digiri 10 bayanta ga na shiga. Tafet (abin da ke karɓar turin kamshaf ya kai wa bawul) mai aiki da baƙin mai yana lotsawa idan inji ba ya aiki, ya nuna maka tazarar da babu ita, don haka a gwada da sandararre. Idan injin yana da na'urar da ke gusar da lokacin kamshaf, a kulle ta a ƙarshen gusawarta a sake gwadawa. Ka tuna kuma cewa a inji mai kamshaf a sama, duk abin da aka kankare daga bulok da kai yana ɗan jinkirta lokacin kamshaf, don haka a saita shi da faifan digiri, ba da alamar masana'anta kaɗai ba.

Daga nan sai awon nauyi. Fistan da fin da kilif na kowace silinda su zo daidai da juna cikin giram ɗaya. A inji mai silinda huɗu ko shida a jere wannan ya wadatar ta ɓangaren fistan. A inji mai siffar V kuwa, idan nauyin sabon fistan ya bambanta da na tsoho, sai an kai kuranshaf an sake daidaita shi da sabon nauyin kafin a fara haɗawa.